Buhun Sukarin da Ba Mu Sha Ba

Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati, muna haya a Unguwar Kanawa. Takardar shigata makarantar kwana ta zo a tsakiyar wata, aljihunsa babu ko kwabo.

Ranar Asabar ya shigo da buhun sukari a bayan keke. Na yi ta murna, har na kai wa ƙawayena labari. Kafin la'asar wani mai shayi ya zo ya ɗauke buhun.

Sai da na girma Inna ta warware mini. Bashi Baba ya karɓo shi a wurin mai kanti a kan naira ashirin, ya karyar da shi sha biyar kuɗi hannu. Da su ya saya mini takalmi da bargo da koren akwatin ƙarfe. Wata uku yana biya, ya daina cin abincin rana.

Ni kuwa a tasha na turo masa baki, wai ja nake so.

Akwatin yana nan ƙarƙashin gadona har yau. Baban ne babu, balle in ce masa koren ma ya yi.