Ranar da Malam Hamidu ya harbi bokiti

Cikin shekarun da na yi ina gyaran filin besbol a Maryland, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Malam Hamidu ya ɗaga hannu a taro. Allah ya ji ƙansa. Ku sababbi ba ku riske shi ba, shi ya sa nake son ku ji.

Ga wanda bai san wasan ba, kakarsa tana farawa a Afrilu ta kai Satumba. Ƙaramin kulob ne namu, amma na ƙwararru. Ana buga kwana shida a jere da ƙungiya ɗaya, Litinin a huta. A ƙarshe waɗanda ke saman teburi su shiga zagayen neman kofi. Mu masu gyaran fili ma'aikatan kaka ne. Da an gama a sallame mu, a Fabrairu kuma a kira waɗanda ake so su dawo ta waya. Wanda bai ji waya ba, ya san matsayinsa.

Malam Hamidu mutumin Maraɗi ne, ya girme ni sosai. Ya daɗe yana tuƙa tasi a Wheaton kafin ciwon baya ya hana shi dogon zama. Ni na yi masa hanyar aikin, kuma ni nake yi masa tafinta, don Faransancinsa ya fi Turancinsa nisa. Kakarsa ta farko ke nan, yana kuma matuƙar son a sake kiransa.

A ƙarshen Agusta janar manaja, wata mace da muke kira Madam Dana, ta tara ma'aikata a bakin fili da hantsi. Ta ce masu gasar suna jin ra'ayin kulob-kulob kan wata shawara: a rage wasannin kaka, a riƙa buga wasa a wasu Litinin ɗin, a kuma faɗaɗa zagayen kofi har fiye da rabin ƙungiyoyi su shiga. Masu sayar da tikiti suka ce sun yarda. Shugabanmu na fili ya ce ciyawa ma tana buƙatar Litinin ɗinta. Koci, wani dattijo mai kaushin murya, ya ce shi dai yana so, don ƙofa za ta buɗe wa kowa. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun san mu ne a ƙasan teburi.

Sai na ga hannun Malam a sama.

Na ce masa a hankali, "Malam, mu ba a tambaye mu ba."

Ya ce, "Ta ce kowa. Ni ba kowa ba ne? Tashi ka fassara, ɗan Kano."

Ya gyara murya. "Bon. Ka ce mata ni ƙwallon ƙafa na sani. A can wanda ya fi maki shi ke ɗaukar kofi, na ƙarshe kuma a tura shi rukunin 'yan dagaji ya koyi hankali. A nan an cinye ka duk shekara, sai a ce zo ka nemi kofi. Wa zai ji tsoron faɗuwa?"

Na dubi koci, na tuna Fabrairu. Sai na ce da Turanci, Malam yana ganin ya kamata kowane wasa ya zama mai muhimmanci. Madam Dana ta gyaɗa kai, ta yi godiya.

Malam ya ja rigata. "Na yi magana mai tsawo, ka yi gajera. Ina 'yan dagajin?"

"Na taƙaita ne, Malam."

"Ka cinye dai."

Ya tafi inda muke ajiye kayan aiki, ya kwaso bokitai, ya jera su a gaban kowa. Ya ɗora hularsa a kan na farko, ya ce "Shampiyon." Ya taka zuwa na ƙarshe, ya nuna tambarin kulob da ke ƙirjin rigarsa, ya nuna bokitin. Sannan ya sa ƙafa ya harbe shi, bokitin ya gangara matakalar ramin da 'yan wasa ke zama yana ƙara har ƙasa.

A raina na ce shi ke nan, sai mu fara nema masa wani aikin.

Koci ya sauka da kansa, ya ɗauko bokitin, ya juya shi ya ga ya lotsa. Ya tambaye ni, "Mu ne wannan?" Na ce eh. Ya ce in faɗa masa duk abin da mutumin ya ce tun farko, kar in rage. Na faɗa. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce tun Afrilu yake neman hanyar faɗa wa yaransa haka. Ya ce amma shawarar Malam ba za ta yiwu a ƙasar nan ba, kuma shi har yanzu yana son a faɗaɗa. Malam ya ce in gaya masa ya yi kuskure. Suka yi ta musu ta bakina har lokacin ban ruwan fili ya yi.

Ban san abin da Madam Dana ta aika wa masu gasar ba. A hanyarmu ta komawa gida na ce, "Malam, ka kusa kashe aikinka." Ya ce, "Ni da nake share filin nan kullum, ba zan ji haushi in an cinye mu a kansa ba?"

A Fabrairu aka kira shi, kwana biyu kafin a kira ni. Ya buga mini yana tambaya ko ina so ya sa mini baki. Ya ƙara kaka biyu tare da mu kafin rasuwarsa a hunturun da ya wuce.

Abin da na koya shi ne, mutanen wasan nan suna jure wa musu, ko daga wanda bai san dokokinsa ba, in dai sun ga faɗuwar tana yi masa ciwo kamar yadda take yi musu. Wanda bai damu ba shi ne ba sa sake kira. Ku kuma da kuke yi wa 'yan'uwanmu tafinta, ku faɗi maganar mutum yadda ya faɗe ta.