Malama Munawwara, Mai Aika Turanci Wajen Kakanni

Kullum da safe, kafin ɗalibai su gama sharar aji, Malama Munawwara ta riga ta rubuta wata maganar Turawa guda ɗaya a saman allo. 'Yar Birnin Kudu ce, amma a wata sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙasar Gwaram ta yi furfura. Ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli.

Takan bayyana ma'anar maganar da inda ake faɗinta, sannan ta ce, "Ku kai wa tsofaffinku, su ba ku 'yar'uwarta ta Hausa." Ranar da ta rubuta "spill the beans", wato tona asiri, washegari wata ta dawo da amsar kakarta: "Su wake suke zubarwa? Mu ƙwai muke fasawa, asararmu ta fi tasu." Da haka maganganun suka zauna a kan yara.

Matsala ta zo ne ranar "white lie", ƙaryar da ake yi don kada ran wani ya ɓaci. Wata ɗaliba, Nasiha, ta kai wa mahaifinta, Malam Bahauddeen mai Islamiyya a Zandam. Ya ce makarantar da ake wanke ƙarya har ta yi fari, 'yarsa ta bar ta. Ga jarrabawar fita ta matso.

Malama ba ta aika kowa ba. Ta hau acaɓa, ta je ta yi sallama.

"Allah gafarta Malam, ban ce ta yi ba. Cewa na yi ta sani, don ta gane in an yi mata."

"Wanda ya raɗa wa ƙarya suna mai daɗi," in ji shi, "ya shimfiɗa mata tabarma."

Aka kawo mata kwanon dambu. Ta ce su ci tare da mutanen gida, ya ce sun riga sun ƙoshi. Ta dubi murhu, ba sauran komai a tukunya, ta dubi yaran da suka zuba wa kwanon ido, sannan ta dube shi. Ya ga ta gano shi, ya yi murmushi.

"Wannan kara ce, Malama. Mai kara shi yake kwana da yunwa. In mai faɗin ƙaryar ne ya ci riba, ko da alli aka shafe ta, baƙa ce."

"To ai amsar da na aiko nema ke nan."

Har suka rabu bai yarda cewa maganar Turawan daidai take ba, ita ma ba ta nemi ya yarda ba. Amma Nasiha ta koma aji, yau ungozoma ce a Fagam. Tun daga nan, duk shekarar da darasin ya zagayo, Malama takan faɗi sharaɗin Malam Bahauddeen tare da sunansa. Ko wannan sharaɗi ya isa ya raba fara da baƙa a kowane hali, abin a yi ta tunani ne.

Ke ce kika koyar da harshen wasu ba tare da yaranmu sun raina na gida ba. Uwar ɗakin alli, mun gode, Allah Ya sa ki huta lafiya. Malaman da ke tasowa, in darasinku ya ta da ƙura a gidan wani, ku yi yadda ta yi: ku je da ƙafarku, ku zauna, ku saurara.