Ranar da Muka Kai Baba Ganin Damisa

Bayan yaƙin basasa ya ƙare mun koma Fatakwal, maigidana ya sake kama aikin fawa a mayankar Trans-Amadi. Ba a daɗe ba muka ɗauko mahaifina daga arewa saboda ciwon ido. Maharbi ne tun yana saurayi, amma hukuma ta mayar da dajinsu gandu, an hana shiga da baka ko bindiga. Likita ya duba shi ya ce yanar ta riga ta yi nisa, ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi.

Kullum maganar Baba ɗaya ce, a mayar da shi ya ga naman daji ko sau ɗaya kafin duhun ya rufe. Ni kuwa ga goyo, maigidana ba ya samun hutu, don lokacin kuɗin mai ya buɗe, shanu ba sa kwana. Sai maƙwabciyarmu ta ce ai an kawo wata damisa mai zane daga Indiya, tana gidan namun daji. Na ce to, mu gwada wannan.

Da muka shiga, Baba ya tsaya ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, ya tambaye ni ina ta nufa. Na gaya masa. Ya ce mu zagaya ta baya, kada iska ta kai mata warinmu. Ya tuɓe takalmi, ya hana yarana magana. Haka muka yi ta sanɗa a kan siminti, masu shan lemo suna kallonmu suna dariya.

Tana kwance a lungun keji. Ya matsa har goshinsa ya taɓa ƙarfen tsaro, ya ƙura ido, ya daɗe.

"Uwata, ni dai wani abu ja-ja nake gani. Ta tashi?"

"Ba ta tashi ba, Baba."

Ya ce mu koma inda iska za ta kai mata warinmu. Muka koma. Ya yi gyaran murya, ya buga sandarsa a ƙasa. Ya tambaya ko ta motsa kunne, na ce a'a, ƙudaje ne kawai suke tashi daga fuskarta.

"Ta daina jin mutum," in ji shi. "Ba ni takalmina."

Muka shiga mota muka koma gida. Bayan sallar layya wani direban shanu da zai koma arewa ba kaya ya ce zai kai Baba har bakin gandun, gaban mota ma zai ba shi. Na je da murnata na faɗa masa. Ya yi wa mutumin addu'a, ya ce a bar wurin ga wani. Na roƙa, maigidana ya roƙa, liman ma ya zo ya yi magana. Ya ce shi dai a gyara masa tabarma a cikin ɗaki, hasken waje yana damunsa.