Abin da Hamidu Ya Rage a Takarda

Duk wanda ya yi aure a Sabon Garin Maraɗi a waɗancan shekaru, da wuya bai duba fuskarsa a madubin Hamidu ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai gyaran rediyo, ba a shigarsa sai da takalmi saboda ɓarɓashin gilashi. Shi kuwa mutum ne siriri mai yawan waige. In ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma idonsa na kan hannunka, kada ka taɓa abin da ba a ce ka taɓa ba.

A Tibiri aka haife shi. Da ƙuruciyarsa ya shigo Maraɗi wajen wani mai yankan gilashi, Malam Idirisa, ya shekara tara yana koyon yanka da zuba ruwan azurfa, wanda shi ke mai da gilashi madubi. Sai dai azurfar nan ba ta shiri da laima. In ba a rufe bayanta da fenti nagari ba, damina ɗaya ta isa baƙin tabo ya fara cin ta daga gefe. Malam Idirisa yana da haɗin fentinsa, amma duk ranar da zai dama sai ya aiki Hamidu sayen goro. Har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Hamidu ya yi kukan rashi, ya yi na haushi, ya kuma rantse shi ba zai taɓa yi wa wani haka ba. Ku riƙe mini wannan rantsuwa, za mu dawo kanta.

Ya daɗe yana aiki da fentin gwangwani na Faransa, har farkon 1994 da aka karya darajar kuɗin sefa. Gwangwanin ya yi tsadar da ba ta taɓuwa, daga baya ma ya ɓace a kantuna. Hamidu ya koma gwaje-gwaje a bayan gida: ƙaron hano, kakin zuma, jar ƙasa. Matarsa Tsahara ta ce gidanta ya koma warin ɗakin boka. Fentin yana kamawa, amma da ya ajiye madubin kusa da randa kwana ashirin sai tabo ya fito.

Wadda ta warware masa matsalar ko madubi ba ta da shi. Ladi ce, wata mai ginin tukwane a Jiratawa da yake sayen jar ƙasa a wajenta. Ta lashi ƙasar, ta tofar, ta ce, "Kai mai madubi, ƙasar ga kanwa gare ta. Ni ma in ban wanke ta ba hwari take hiddawa ga tukunya." Ta wanke masa ita da ruwan sama sau bakwai, ta zuba a tulu, ta toya tare da tukwanenta. Madubin da ya shafa wa wannan haɗi ya yi wata uku a gindin randa yana ƙyalli. Tun daga ranar, duk sati biyu Hamidu zai hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, ya dawo da buhu an lulluɓe bakinsa da zogale. Mutanen unguwa har tsokanarsa suke wai zogale zai ƙarar da shi.

Suna ya fita, kwanciyar hankali ta bi shi ta fita. Ya ji labarin wani ɗan kasuwa ya kankare bayan madubinsa ya ƙulle a takarda ya yi Katsina da shi. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Hamidu ya daina cin abinci da daɗi. Ana haka wani ma'aikaci da ya zo sayen madubi ya ba shi labarin takardar shaidar ƙirƙira, wadda 'yan boko ke kira birebe. In ya same ta, ba mai ikon kwaikwayon haɗinsa sai da izninsa.

"Amma sai ka rubuta komi da komi," in ji ma'aikacin. "Yadda wani in ya bi takardar zai yi irin naka."

"To ina amfanin ɓoyon, in sai na hwaɗi?"

"Ai hwaɗin shi ne kariyar, Malam."

Wannan magana ba ta zauna wa Hamidu ba, amma tsoron ɓarayi ya fi ƙarfinsa. Ya yi sa'a 'yarsa Fadila tana gida. Ilimin haɗa sinadarai take karantawa a jami'ar Yamai, yajin aiki ya sa an rufe. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa take son gilashi, tun tana ƙarama take yanka shi miƙe ba gargada. Suka zauna a rumfa da hantsi, yana faɗa tana juyawa da Faransanci. Ya faɗi awon ƙaro, ya faɗi na kaki, ya faɗi zafin wuta. Da aka zo kan jar ƙasa ya ce, "A daka, a tankaɗe."

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

Ya gaya wa ransa ba ita ya ɓoye wa ba, akawunan Yamai ne, tunda bai san hannu nawa takardar za ta bi a ofisoshinsu ba. Ita kuwa gobe zai faɗa mata. Goben nan dai ta yi ta matsawa gaba.

Takardu suka tafi. Aka yi ta yajin aiki, sannan sojoji suka karɓi mulki a farkon 1996, ofisoshi suka yi tsit. Hamidu ya mai da gidan waya wurin zuwa duk Litinin. Daga can sai babbar kasuwa, ya bi rumfunan masu kayan ɗaki yana juya madubai yana shinshina bayansu, ko zai ji ƙamshin hano. Sau biyu ana korarsa, an ɗauka taɓin hankali ne.

Gab da daminar shekarar aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi ƙura da hayaƙi wata biyu. A daidai lokacin wani kafinta ya kawo aikin madubai ashirin na kabad ɗin amare. Fadila ta ce za ta yi, ai tana da kwafin takardar. Ƙasar Ladi ta ƙare, sai ta sayo jar ƙasa wajen magina. Hamidu yana kwance a zaure da ido a ɗaure ya ji turmi na tashi a tsakar gida, ya kuma san ko mene ne ake dakawa. Ya buɗe baki zai kira ta, sai ya tuna kafintan na zaune a gefensa ya zo dubiya. Ya fasa. Da baƙon ya tafi ya ce wa kansa wataƙila wannan ƙasar ba ta da kanwa. Kwana biyu yana juya maganar, a na uku madubai suka bar gida.

Cikin watan Agusta aka dawo da su a amalanke, kowanne gefensa ya yi baƙi. Kafintan ya sauke su a ƙofar shago, ya ce a gaban mutane dama ya san aikin gilashi ba na mata ba ne. Fadila ta shige cikin shago. Ta ɗauko takardar ta bi ta kalma bayan kalma, ta sake auna komai, ba ta ga kuskure ba. Daga ƙarshe ta ce wa uwarta, "Inna, haɗin daidai yake. Hannuna ne ba shi da kyau." Ba ta ƙara shiga shagon ba. Ko da aka buɗe jami'a ba ta koma ba, ta nemi koyarwa a wata makarantar firamare.

Ga inda nake jin haushin Hamidu, ina kuma jin tausayinsa. Da can abin faɗa sirri ne kawai, yanzu ya zama laifi. Kullum ya ga ta wuce ƙofar shago ta kau da kai sai ya yi niyyar kiranta, ya fasa. Ya sake yin madubai ashirin ɗin da hannunsa, suka yi kyau, abin da ya ƙara tabbatar mata da zarginta.

Bayan damina biyu takardar shaidar ta iso, da hatimi da sunansa da manyan baƙaƙe. Mai walda ya kashe injinsa, mai rediyo ya fito, aka yi ta barka. Hamidu ya yanka wa takardar gilashi zai rataye, sai ya ga layin ya karkace. Ya tsaya yana kallon hatimin. Abin da hukuma ta kare masa haɗi ne mai baƙanta madubi. Na gaskiyar yana cikin kansa da na Ladi, ita kuma a zuwansa na ƙarshe ta ce bayanta ya gaji, bana za ta yi toyi na ƙarshe. Ɗayan idonsa ma ya fara hazo. Tsoron ɓarawo da ya yi shekaru yana yi ya kau, wani ya maye gurbinsa: ya mutu kamar Malam Idirisa.

Ranar Lahadi ya ce wa Fadila ta raka shi Jiratawa, wai ba ya gani sosai a hanya. Suka tarar da Ladi a bayan ɗakinta, ta jera ƙwarya bakwai, tana tsiyaye jan ruwa daga ta farko.

"Lale da mai madubi! Wagga ita ce ɗiyar da kac ce za ka kawo min tun shekara huɗu?"

Fadila ta durƙusa ta gaishe ta, idonta na kan ƙoren. "Inna, mi ake wankewa?"

"Ƙasar babanki mana. In ba a hidda kanwar ba ai cinye mishi azurhwa take. Sai an wanke, a toya."

Fadila ta tsoma yatsa a ruwan ta lasa. Ai ba sai an yi mata dogon bayani ba, abin da ta karanta ke nan. Da ta ɗago, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ranar da nike dakan ƙasa tsakar gida, kana ji?"

Hamidu ya so ya ce ido ne, ya so ya ce kafinta ne, ya so ya ce akawunan Yamai.

"Ina ji, ɗiyata."

"Damina biyu ina duban hannun ga, Baba. Ko tulu na ɗauka sai in ji kamar zan hwasa shi."

Ya sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya gwammace ta yi masa ihu. Ba ta yi ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta gyara zama kusa da tsohuwar, ta ja ƙwarya ta biyu gabanta.

"Inna, sau nawa ake wankewa?"

Hamidu ya san amsar. Shekara huɗu yana riƙe da ita, yau ga ta a kan harshensa, har ya buɗe baki. Sai ya lura ba shi aka tambaya ba.