Sati Shida Hannuna a Baya

Shekarun baya, ina da shekara huɗu da fara aikin likita a wani asibiti a Gaya, na samu damar zuwa wani babban asibiti a Turai na sati shida. Sashen da aka ba ni shi ne inda ake kwantar da waɗanda ke rai-kwakwai-mutu-kwakwai, kowa da na'urori kewaye da gadonsa.

Ba son yawo ne ya kai ni ba, hanyar Kano ce ta ishe ni. Sai mu riƙe mara lafiya muna fama, har sai abin ya fi ƙarfinmu, sannan mu sa shi a mota mu ce a yi Kano da shi. Sau nawa ina zaune direba zai kira ni: "Likita, sai haƙuri, ko gadar Wudil ba mu kai ba, ga mu nan mun juyo." Har na kai ga in na ga lambarsa gabana sai ya faɗi. Na ce bari in je in ga yadda masu kayan aiki suke yi, ko na samo abin da zai rage wannan juyowar.

Takardar da suka aiko ta faɗi komai a fili: mai lura ne ni, ba zan taɓa mara lafiya ba, ba zan yi allura ba, ba zan rubuta magani ba. Na karanta, amma na ɗauka irin rubutun nan ne na cika takarda. Mutumin da yake fiɗa da safe, ya duba layin mutane da rana, wa zai hana shi taɓa mara lafiya? Har sabuwar farar riga na ɗinka. Mahaifiyata kuwa, da muke kira Inna, ta riga ta zaga garinmu Toranke ta shaida wa kowa cewa Turawa aiki ya yi musu yawa, sun kira ɗanta ya taya su.

Ranar farko babbar nas ɗin sashen, wata gajeruwar dattijuwa mai furfura, ta dubi farar rigata ta ce in cire in rataye, a nan ba a shiga da dogon hannu. Haka rigar ta kwana sati shida a jikin ƙusa. A rana ta uku na ga abin shaƙar iskar wani dattijo ya zame daga hancinsa. Ban ma yi tunani ba, hannuna ya tafi da kansa. Kafin ya isa sai na ji an cafke min wuyan hannu.

"Likita, hannunka," in ji ta. "In ka ga abu, faɗa min. Aikinka ke nan a nan."

Ta gyara abin da kanta, ta wuce. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina, kuma na ji haushinta. Daga ranar na riƙa harɗe hannuwana a baya kamar ɗan firamare a layin asembli, don ban yarda da su ba.

Ranar Juma'a na kira Inna.

"To, likitan Turai, mutum nawa ka yi wa aiki?"

"Inna, ba sa barina in taɓa kowa. Kallo kawai nake."

Sai ta ce, "Kallo? Ka hau jirgi ka ƙetare teku don kallo? Ai da ka zauna, ko ranar kasuwar Gaya akwai abin kallo. Yanzu me zan ce wa mutane?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min. Sati na biyu na shiga wani irin baƙin ciki. Ina tsaye ina rubuta sunayen na'urori a littafina, ina sane cewa ko guda ɗaya ba za ta je Gaya ba, ko ta je ma babu wutar da za ta riƙe ta. Na fara ganin gaskiyar Inna.

Wata safiya dattijuwar nan ta same ni a gadon wani magidanci mai ciwon huhu, na ƙura wa allon na'ura ido. Ta zo ta tsaya a gaban allon ta tare shi da jikinta.

"Me ya canza a mutumin nan tun da ka shigo?"

Na fara zayyano mata lambobi. Ta girgiza kai. "Ba na'ura na tambaya ba. Ga kujera, zauna ka dube shi."

Na zauna. Minti biyar ban ga komai ba sai mutum a kwance. Can na lura in zai ja numfashi sai kafaɗunsa sun ɗaga, da na shigo kuwa ba haka yake ba. Na kuma tuna ɗazu ya yi wa matarsa magana mai tsawo a waya, yanzu kuwa kalma biyu uku sai ya tsaya ya huta. Na faɗa mata. Ba ta yaba min ba, ta dai tafi ta kira babban likita. Kafin azahar an sa wa mutumin na'urar numfashi a natse, ba gudu ba ihu. Da ta dawo ta ce min, "Na'urar za ta yi ƙara, amma ita ce ta ƙarshen sani."

Sauran sati huɗun a kan wannan kujera na yi su. Na daina rubuta sunan na'ura, na koma rubuta abin da ido yake gani kafin mutum ya rikice. Na dawo gida da takardar shaida da littafi ɗaya cike. Inna ta tarbe ni da "Sannu da zuwa, ɗan kallo," sunan kuma ya bi ni a dangi.

Bayan wata biyar, lokacin da wake yake fure ana ta feshi, aka kawo min kawuna, ƙanin Inna, daga Gafasa a cikin a-daidaita-sahu. Tun safe yake feshin maganin ƙwari, tankin da ya goya yana yoyo a bayansa, shi kuma ya ce sai ya gama gonar. Ya zo sharkaf da gumi, yawu na dalala, ƙirjinsa na kurari, bai san wanda ke kansa ba. Muka tuɓe shi muka wanke shi da sabulu, na shiga yi masa allurar da ke busar da ruwan ƙirji, ina ƙarawa ina saurare.

Ina juyowa sai ga Inna a kan gadon, ta tallafo kansa, ga ƙwaryar nono da ludayi a hannunta. A gidanmu haka aka gada: duk wanda ya sha guba ko ya shaƙa, nono ake ɗura masa ya karya dafin. Ludayin ya kusa bakinsa. Ban san lokacin da na kama wuyan hannunta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe hannun Inna haka ba, balle a gaban mutane.

"Inna, don Allah hannunki. Ba ya iya haɗiya. In kin zuba, huhunsa zai tafi, kuma ba ni da abin da zan fitar da shi."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Ni na goya yaron nan da uwarmu ta rasu. Ka ce in naɗe hannu ina kallonsa?"

"Kallon nake so, Inna. Nas biyu gare ni a ɗakin nan gaba ɗaya, ni kuma ga layi can yana jirana. Ba ni da mai zama a kansa sai ke."

Na jawo mata kujera. Na nuna mata agogon bango, na ce in dogon hannun ya zagayo sau ɗaya, ta ja carbi ɗaya a kowane numfashi, ta faɗa wa nas nawa ta samu. Ta duba gumi, ta duba yawu. Kuma duk abin da ta ga ya canza, ko bai kai a faɗa ba, ta aiko a kira ni. Ta tura ƙwaryar ƙarƙashin gado da ƙafa. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba, amma ba ta bar kujerar ba sai in za ta yi salla.

A rana ta uku Kawu ya farfaɗo sosai. Yana hira, yana tambayar ko an ƙarasa masa feshin, yana tsokanata wai ashe ɗan kallo ya iya allura. 'Yan dubiya daga Gafasa suka cika baranda, kowa na hamdala, ana ta cewa a sallame shi ya ƙarasa warkewa a gida. Ni ma, in faɗi gaskiya, na riga na yanke gobe zan sallame shi. Ƙirjinsa ya bushe, lambobinsa duk daidai.

Bayan azahar Inna ta aiko a kira ni. Ta ja ni gefe can ƙarshen baranda.

"Wannan ba daidai yake ba."

"Numfashin ya ƙaru ne?"

"Numfashi yana nan yadda yake. Amma ɗazu limaminsu ya shigo. Kawunka tun yana yaro bai taɓa gaida babba a kwance ba, ko zazzaɓi yake sai ya tashi. Ya yunƙura zai ɗago, kan ya koma kan matashi. Sai ya yi dariya ya miƙa hannu daga kwance. Da yayan matarsa ya zo ma haka ya yi. Sau biyu ke nan."

Na koma ciki na ce, "Kawu, ɗago kanka ka dubi ƙafarka." Ya yi murmushi, ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka tashi, kan bai bar matashin ba. Irin wannan gubar takan yi kamar ta tafi, bayan kwana biyu uku ta dawo ta kashe ƙarfin jiki. Daga wuya take farawa, daga nan sai naman da ke jan numfashi. In ta kai can, ba allurar da za ta yi, sai na'ura, na'ura kuwa sai Kano.

Na kira wani abokina da ke aiki a Kano, a irin sashen da na zauna a Turai, ya ce in taho yanzu zai nema mana gado. Da na faɗa a baranda sai hayaniya ta tashi. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Haba likita, mutumin da yake hira da dariya za a ɗauka a kai Kano? Ai sai ka tayar wa iyalinsa hankali a banza."

Inna ce ta amsa, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ku da kuka zo ɗazu kun ga dariya. Ni kwana uku nake nan. A kawo mota."

Na shiga motar da kaina, da jakar da ake matsawa a hura wa mutum iska a kan cinyata, Inna na gefen kansa da carbinta. Direban nan ne dai mai kirana. Da muka hau gadar Wudil na ga ya dube ni ta madubi, ni ma na dube shi. Kawu na nan yana numfashi da kansa, sai dai maganarsa ta koma kalma biyu ya huta. Muka isa da la'asar. Kafin magariba numfashin ya gaza, amma a lokacin yana kan gado, na'ura na gefensa, mutane na tsaye a shirye. Kwana tara ya yi a kanta, aka cire, ya tashi.

Har yau ba mu da waɗannan na'urori, kuma ba zan ce muku direba ya daina juyowa gaba ɗaya ba. Amma yanzu gado biyu na kusa da teburin nas na masu tsanani ne, kowane da kujera a gefe, kuma duk mai jinyar da ya zo sai mun zaunar da shi mun koya masa abin da zai duba. Na gane cewa masu jinyarmu sun san marasa lafiyarsu fiye da yadda zan taɓa saninsu, ba mu dai taɓa tambayarsu ba ne. Ni da na je Turai na duba Kawu da safen nan na ce lafiya lau. Wadda ta san yadda yake gaisuwa ita ta gani. Wani lokaci nakan tuna dattijuwar nas ɗin nan, in ji dama na gode mata yadda ya kamata, don ranar da zan taho ma sai da na ɗan riƙe haushin kamun hannun nan.

Abin da ya fi zama a raina shi ne ranar da aka dawo da Kawu Gafasa. Ya rame, yana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ana ta shigowa barka. Duk wanda ya girme shi ya shigo sai ya yunƙura ya gyara zama ya gaishe shi, Inna na bin wuyansa da ido. Da mutane suka ragu ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar nan, an dama fura da nono mai kauri. Ta zo gabansa ta tsaya, ba ta miƙa ba. Ta juyo ta dube ni a gaban kowa.

"To, ɗan kallo, in ba shi, ko har yanzu kallon muke?"

Na ce, "Ba shi, Inna."

Ta durƙusa ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga kai ya sha.