Faranti Ba Ya Ƙarya, in Ji Gwaggo

Duk garin nan babu wanda zai iya nuna maka ɗan'uwan da ya sa ake ce mata Gwaggo. Ni dai da na shigo kwaleji haka na tarar ana kiranta, kuma da kwalejin ta gaji da ni ta sallame ni ba kwali, haka na bari ana kiranta. Ba garin na bari ba, titi kawai na tsallaka na kafa teburin gyaran waya daura da shagonta. Kafin nan na taɓa bin mota, na taɓa sayar da takalma, na taɓa kiwon kaji suka mutu suka bar mini keji gado. Shi ya sa take ce mini Ƙafar Kare.

Shagon yana layin masu abinci, bayan ƙaramar ƙofar kwaleji. Ɗaki ne guda da rumfa, da dogayen benci, da labulen da hayaƙi ya cinye launinsa, da wata fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. Shinkafa da miya take yi, da wake, da taliya, in aljihunka da ɗan nauyi ta ɗora maka kifi. Mijinta shi ne mai gadin ƙofar nan. Da ya rasu ta fito da tukunya ɗaya da tebur, da su ta reni 'yarta har ta aurar da ita wani gari. A gefenta akwai mai shayi. Can sama kuma an buɗe wani gidan abinci mai ƙofar gilashi, muna ce masa Gilas, inda ake zuba maka a roba mai murfi, ka biya ka ƙara gaba.

Abu biyu suka riƙe shagon Gwaggo. Na farko, tsoho ke kawo sabo. Duk shekara in sababbin ɗalibai suka zo, kowane tsohon ɗalibi zai riƙo hannun wani ya zaunar da shi a benci ya ce, "Gwaggo, ga ƙanena." Ɗalibi kuwa kamar kaza yake, inda ya fara tsattsaga a makon farko nan zai ci gaba da zuwa har ya gama. In shekara ɗaya ta wuce ba a kawo sababbi ba, to shago ya fara mutuwa ko da benci cike yake.

Na biyu, faranti. A shagonta ba a barin faranti a kan benci. In ka gama, kai da kanka za ka miƙa mata a hannu, ta karkata shi wajen haske ta duba.

"Ka ture wake gefe. Bai nuna ba ke nan."

"Ke kuma kin bar miya. Barkono ne ya yi yawa, ko wannan saurayin naki mai kan gwangwani ne ya sake ɓata miki rai?"

Ban taɓa jin ta tambayi wani ko abinci ya yi daɗi ba. Cewa take baki maroƙi ne, kowa ya ba shi sai ya yi masa kirari, faranti ne ba ya ƙarya. Abin da farantan yau suka gaya mata, da shi take gyara tukunyar gobe.

Sai ga wani zazzaɓi mai haɗe da mura ya kwantar da ita. Shago ya daɗe a rufe, muka watsu a layin kamar marayu. Ranar da ta buɗe, ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa, benci ya cika maƙil. Na kai cokalin farko baki, sai da kunnuwana suka yi ƙara. Gishiri ne, jama'a, ba na wasa ba. Na dubi na kusa da ni, idonsa ya kawo ruwa.

Akwai wani ɗan ajin kusa da ƙarshe, Dogo, wanda tun shigowarsa Gwaggo ke ciyar da shi kamar ita ta haife shi. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Matar nan daga gadon asibiti ta taso ta dafa mana. Duk wanda ya mayar mata da faranti da saura, ni da shi ne."

"To mu yi yaya, mu mutu?" in ji wani.

Dogo ya zaro leda daga jakarsa, ya faki idonta ya juye abincin, ya suɗe farantin da yatsa. Leda ta zaga benci. Ni kam cinye nawa na yi, don cikina ba shi da alƙali, kuma abin da na biya ba na bar wa leda.

Muka yi layi muna miƙa faranti. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta daɗe a kan na uku. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta ja wani dogon numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi." Muka ɗauka murnar dawowa ce.

Washegari gishirin nan bai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Jibi ma haka. Wata rana shinkafa ta kama, ƙauri har teburina a tsallaken titi, ita kuwa tana tsaye a kan tukunyar tana zubawa hankali kwance. Leda ta zama doka. Ɗalibi zai zo ya gaishe ta, ya biya, ya juye, ya miƙa faranti fes, sannan ya zaga ta bayan layi ya shiga Gilas ya ci na gaskiya. Amma aljihun ɗalibi ba ya ɗaukar cin rana biyu. Sannu a hankali aka fara zamewa. Masu kunya suka koma bin babbar ƙofa, su yi doguwar tafiya a rana don kada ta hango su.

"Ƙafar Kare, ina yaran nan suka shiga ne?"

"Jarrabawa, Gwaggo."

"Da can da ake jarrabawa da iska suke rayuwa?"

Na gwada gaya mata, Allah ya sani. Na ce, "Gwaggo, wai gishiri ya faɗi a kasuwa ne, ko wani mai sayar da shi ke neman aurenki?"

Ta ɗaga farantina sama kowa ya gani. "Ku dubi marar kunya. Ya lashe shi kamar kyanwa, yana kuma yi mini tsiya. Tashi ka ba ni wuri."

Aka yi dariya, Dogo ya harare ni. Wanda ya saba da wasa, ran da ya faɗi gaskiya ma dariya ake yi masa.

Aka tafi hutu aka dawo, makon sababbi ya zo. Gwaggo ta wanke labule, ta sa na gyara mata fanka, ta fito da babbar tukunyar da ba ta ɗorawa sai irin wannan lokaci, har da sababbin faranti masu fure a baki. Tun hantsi ta gama ta zauna a bakin rumfa da ludayi a cinya. Sababbin suka dinga wucewa garke-garke, kowa rungume da takardu, tsofaffi na jan su zuwa sama. Wa zai kai ƙanensa inda za a koya masa ɗaukar leda? 'Yan amanar da suka rage suka shigo su kaɗai.

"Dogo, ina ƙanenka?"

"Ba su gama rajista ba, Gwaggo."

"To waɗancan masu robobin Gilas fa, malamai ne?"

Dogo ya miƙa farantinsa ya fice. Ranar rabin tukunya ya rage, almajiran layi ma suka ƙi karɓa, awakin bayan shago ta juye wa, su ma suka shinshina suka yi gaba.

Ana cikin makon aka yi ruwan sama da rana tsaka, ya koro wata yarinya cikin rumfar. Sabuwa ce fil, ba wanda ya kawo ta, ba wanda ya gaya mata dokar gida. Gwaggo ta tashi da rawar jiki ta zuba mata a faranti mai fure, ta ɗora mata kifi kyauta. Yarinya ta kai cokali ɗaya, ta sha ruwa. Ta daure ta kai na biyu. Dogo yana ta yi mata alama da ido yana nuna jakarsa, ita kuwa ta ɗauka wani abin yake nufi, ta tsuke fuska ta juya masa baya. Ta ga kowa na miƙa faranti, ita ma ta tashi da nata a cike.

"Mama, ki yi haƙuri, na kasa ci. Gishirin ya yi yawa sosai, kuma da ƙauri."

Ruwa yana ta dukan kwanon rumfa. Gwaggo ta dubi farantin yarinyar, ta dubi tulin wankakkun da muka miƙa mata yanzun nan. Tukunya ɗaya ce. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan Dogo.

"Me ke ɗiga daga jakarka?"

"Tawada ce, Gwaggo."

"Tawada mai albasa? Miƙo."

Ta kwance ledar a gaban kowa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Zama ta yi a kan benci da ledar a cinya, mai yana bin zaninta.

"Tun da na tashi daga ciwon nan, da miya da ruwan randa duk ɗaya suke a bakina," ta ce. "Hancin ma ya tafi. Ban gaya wa kowa ba, don wa zai ci abincin matar da ba ta jin ɗanɗano? Na ce ba komai, ina da farantaina, su za su zama harshena. Ranar farko da ka na zuba gishirin, gabana na faɗuwa. Kuka kawo mini su fes. Na ce to na dace, wannan ne awon, kada in kuskura in canza."

"Tausayinki muka ji, Gwaggo," in ji Dogo.

"Na gode, ɗana. Da ranar kun bar mini abincina a faranti, da washegari na rage."

Na ga abin ya yi nauyi, na ce bari in sa baki. "Gwaggo, ga ni. Ni zan riƙa ɗanɗana miki, kyauta ma."

"Kai? Kai da ko takalmi aka dafa maka sai ka nemi ƙari?"

Mai shayi ne ya riƙa leƙowa yana ɗanɗana mata miya kafin ya buɗe teburinsa, abinci ya ɗan dawo hanya. Amma ihu ne bayan hari. Sababbi sun riga sun saba da Gilas. Tsofaffin da tausayi ya riƙe a da, yanzu kunya ta kore su, Dogo har ya gama bai sake bi ta layin ba. Ita ma ta daina duba faranti. In ka miƙa mata sai ta nuna maka baho da haɓa. Kafin wani hutun ta sayar da benci da babbar tukunya. Yanzu masu buga takardu ne a ɗakin, suna ta mitar cewa bango yana warin hayaƙi.

'Yarta ta ce ta koma wajenta, ta ce ba ta zaman gidan suruki da ƙafafunta biyu. Tana bayan Gilas yanzu, a kan wata 'yar kujera kusa da kwata, tana yanka musu albasa buhu-buhu. Ba a barinta kusa da tukunya.

Shekaranjiya na sayi abinci a can na zaga baya na zauna a kan bulo kusa da ita. Idonta jawur, tana sharewa da gefen ɗankwali. Na ci rabi na miƙa mata robar a buɗe.

"Gwaggo, duba mini. Lami ne, ko gishiri babu."

Ba ta karɓa ba. Ta nuna mini durom ɗin shara da wuƙa. Cike yake da robobi har suna zubowa, kowacce da murfinta a rufe.

"Rufe ka jefa can," ta ce. "Ka matsa mini, kana tare mini haske."