Mai Ɗaura wa Akori-Kura Tobo

A bakin tashar Talata Mafara wani mutum yana sunkuye a kan injin tsohuwar akori-kurarsa. Ban san shi ba, na dai ji ana kiransa Falalu. Dogo ne siriri mai furfura a gemu, hannuwansa kuwa na mai riƙon fartanya ne, ba na bakanike ba. Yana fama da wani ƙarfe mai siffar dodon-koɗi, wanda aka ciro daga mataccen injin masu aikin dam. Tobo ake ce masa, yana hura wa inji iska ya ƙara ƙarfi.

Wani bakanike ya tsaya a kansa. "Sannu da aiki, Malam Falalu. Wagga tsohuwa ba ta ɗaukar abin ga. Inji na iya bugawa."

Bai ɗago ba. "Tumatir ba shi jirana, Zubairu. Sau biyu tak kasa tudu da lodi, kayan mutane sunka ruɓe bisa hanya."

Ina zaton mutumin wajen Maradun ne, cikin waɗanda ruwan Bakolori ya ci gonakinsu, motar nan kaɗai ke ciyar da gidansa.

Noti ya ƙi kamawa. Yana kwancewa, yana gogewa da bakin riga, yana sake ɗaurawa da bisimilla. Motarmu ta cika. Ta taga nake hango shi yana murza makulli. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, sai wani siririn fito ya biyo baya. Bai yi murmushi ba. Ya kasa kunne, ya kashe injin, ya sake ɗaukar sifana.